Allura Da Alƙalami: Kada Mu Bari Hannu Ya Manta

 

Za ku tuna a makonnin baya mun nemi ku rubuto mana labarin wani tsoho ko wata tsohuwa ta gidanku, muka kuma gindaya sharaɗi ɗaya: a rubuta da biro a kan takarda, sannan a ɗauki hoto a turo. Mun gode, kun amsa kira. Akwai takardun da muka daɗe muna kallo saboda kyawun rubutu kafin ma mu fara karantawa. Akwai kuma waɗanda muka juya su sama, muka juya su ƙasa, muka miƙa wa na kusa da mu, shi ma ya kasa. Wani ɗalibi ya roƙe mu da mu yi masa afuwa ya turo nasa ta waya, domin a cewarsa shafi ɗaya kawai ya cika yatsunsa suka ƙage.

Amma saƙon da ya sa muka ajiye abin da muka shirya kawo muku a wannan mako na wata ɗaliba ce 'yar aji biyar. Ta ce bayan rasuwar kakansu an buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ɗakinsa, aka tarar da takardu a naɗe cikin leda. Wasu da boko aka rubuta su, irin rubutun nan da haruffa ke riƙe da juna, wasu kuma da ajami. Gidan cike yake da 'yan sakandare, har da masu digiri, amma aka rasa wanda zai karanta su daga farko zuwa ƙarshe. Sai da aka kai wa wani dattijon malami a unguwa. Ashe ɗaya daga cikin takardun bayanin iyakar gona ne tsakanin kakan da ɗan'uwansa, da sunayen shaidu. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne malamin nan tsoho ne tukuf. Da an ƙara wasu shekaru ba a buɗe akwatin ba, wa zai karanta?

Tambayarta ce maudu'inmu na yau, kuma za mu haɗa ta da 'yar'uwarta, wato maganar allura da zare. Dukansu biyu ilmi ne da ke zaune a hannu, kuma irin wannan ilmi ba ya buƙatar shekara ɗari kafin ya ɓace. Uwa ta iya, 'ya ba ta koya ba, jika ba ta ma san an taɓa yi ba.

Rubutun haɗi

Waɗanda suka yi firamare a shekarun baya sun san darasin da ake kira rubutu. Malami zai zana layi ɗaya a allo, yara su yi ta kwaikwayo a littafin nan mai layuka ja da shuɗi, har sai kowane harafi ya san inda zai tsaya. Idan hannu ya faɗa, sai a koma rubutun haɗi, wato a rubuta kalma guda ba tare da ɗaga alƙalami a kan kowane harafi ba. Amfaninsa sauri. A zamanin da ba kwamfuta, akawu da malamin asibiti da magatakardan kotu duk da shi suke aiki. Shi ya sa mafi yawan tsofaffin wasiƙu da rajistoci da takardun ciniki suke da irin wannan rubutu.

Ba a ƙasarmu kaɗai abin yake ja da baya ba. A shekarar 2010 mafi yawan jihohin Amurka suka amince da wani sabon tsarin karatu na bai-ɗaya, wanda ya tanadi koyon buga rubutu a kwamfuta amma bai ambaci rubutun haɗi ba. Makarantu da yawa suka daina koyar da shi. Ƙasar Finlan ma daga 2016 ta daina tilasta shi a makarantunta. Ba a je ko'ina ba aka fara ganin sakamako: matasa sun taso ba sa iya karanta wasiƙun kakanninsu. A 2023 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa a dawo da koyar da shi daga aji ɗaya zuwa aji shida na firamare, dokar ta fara aiki a Janairun 2024. A farkon 2025 kuwa, hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ta fito tana cigiyar 'yan sa-kai waɗanda suka iya karanta rubutun haɗi, su taimaka a kwafe tsofaffin takardu, ciki har da na sojojin da suka yi yaƙin neman 'yancin ƙasar. Ku duba fa, ƙasar da ta ƙera kwamfutocin nan ce take neman wanda zai karanta mata rubutun hannu.

Masana ma sun leƙa lamarin. A wata jami'ar kimiyya da fasaha da ke birnin Tronhaim na ƙasar Nowe, an sanya wa ɗalibai wata hula mai wayoyi da ke auna aikin ƙwaƙwalwa, aka sa su rubuta kalmomi da alƙalami, sannan su buga su a kwamfuta. Sakamakon da aka wallafa a 2024, na ɗalibai 36, ya nuna sassan ƙwaƙwalwa sun fi yin aiki tare a lokacin rubutu da hannu. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Idan za ka buga "b" ko "d", yatsa danna maɓalli kawai zai yi, motsi iri ɗaya. Idan kuwa da hannu ne, kowane harafi da tasa tafiyar, ido yana bi, ƙwaƙwalwa tana lissafi. Ku gwada da kanku: darasin da kuka kwafa da hannu da wanda kuka ɗauki hoton allo da waya, wanne ya fi zama?

Mu mun riga mun ga irinta

Mu Hausawa ba sai an ba mu labarin Amurka ba, domin mun taɓa sauya rubutu gaba ɗaya. Kafin zuwan Turawa, da ajami ake rubuta Hausa. Da shi da Larabci malamai suka bar mana waƙoƙi da wasiƙu da tarihi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da hannu aka yi ta kwafar su ana kai wa mata ƙauyuka. Bayan Turawa sun kafa mulki sai suka zaɓi boko. Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Sannu a hankali boko ya zama rubutun ofis da makaranta, ajami ya koma zaure.

Boko ya yi mana rana, da shi kuke karanta wannan shafi. Amma ga ɗan gwaji. Ku karɓi takardar naira 200 ko 500 ko 1000 a hannun Baba, ku dubi rubutun nan da mutane da yawa suke ɗauka Larabci ne. Hausa ce tsantsa, adadin kuɗin aka rubuta da ajami. A 2007 aka cire shi daga kan naira 5 da 10 da 20 da 50. Mutum nawa ne a ajinku za su iya karanta wanda ya rage?

A Gidan Arewa da ke Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke can Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai tarin takardu na ajami da Larabci da tsohon rubutun boko. Wanda bai iya karanta su ba, sai dai ya jira wani ya faɗa masa abin da kakanninsa suka ce, ya kuma yarda da duk abin da aka faɗa masa.

Ranar jarrabawa

Wani zai ce, to ai yanzu komai ya koma kwamfuta, tun 2015 ma jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kanta ake yi, ga shi hukumomi suna ta maganar mayar da WAEC da NECO can. Gaskiya ne, kuma mun sha faɗa a wannan fili cewa kowane ɗalibi ya koyi buga rubutu. Amma ku dubi yadda ranakunku suke tafiya. Jarrabawar ƙarshen zango da biro kuke yi. Darasin da malami ya bayar da hannu kuke kwafa. Lissafi da zanen taswira da zanen sassan jikin ɗan'adam duk a takarda ake fara su. Idan kun shiga jami'a ko kwalejin ilmi ko ta koyon aikin jinya, littafin amsa da biro suna jiranku.

Ɗauki insha'in Ingilishi na WAEC. Ana son kalmomi 450, ana kuma ba da shawarar a kashe kamar minti 50 a kansa. Ware minti 10 na tsara tunani da minti 5 na dubawa, saura 35. Ke nan kana buƙatar kalma 13 a kowane minti, a rubuce sarai yadda za a iya karantawa, kana kuma tunani a lokaci guda. Hannun da bai saba ba zai fara da kyau, kafin tsakiyar shafi na biyu ya koma jagwalgwalo. Malamin da zai yi makin takardarka bai san fuskarka ba, bai san kai ne gwarzon ajinku ba, ga kuma tulin takardu a gabansa. Abin da ya iya karantawa shi zai ba maki.

Akwai wata ɓarnar da waya ta jawo wa Hausa musamman. Mun saba da "slm" da "ykk" da "lfy" da "ngd", har wasu sun fara zuba su a takardar jarrabawa. Sannan an yi watsi da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Alhali baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. A ce maka bari, ka ji ɓari, ai an samu matsala. A cikin takardun da kuka turo mana, da yawa ba mu ga lanƙwasa ko ɗaya ba.

Ina allurar gidanku?

Yanzu mu koma ɗaya hannun. A da, da wuya ka shiga ɗakin uwa ka rasa wani ɗan gwangwani mai allura da zare da reza da tarin maɓallai. Maɓalli ya tsinke da safe, kafin a gama karin kumallo an mayar da shi. Yau fa? Sai a soka fil, ko a jira tela mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi, ko kuma a jefa rigar ƙasan akwati a ce ta mutu. Mun sha ganin ɗalibi a hanyar makaranta, aljihun rigarsa yana reto kamar kunnen akuya, sati guda ana abu ɗaya, alhali aikin minti biyar ne.

Abin kunyar shi ne mu jikokin masu zare ne. Baturen nan ɗan Jamus, Hainrik Bat, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Aikin a cikin gidaje yake farawa. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa, marina irin na Ƙofar Mata su rina, maɗinka su zauna da allura su fitar da aska biyu ko aska takwas a gaban riga. Babbar riga guda takan ci watanni a hannun maɗinki.

Samarin da ke cewa ɗinki aikin mata ne, ku sake karanta sakin layin da ya wuce. A ƙasar Hausa maza ne aka sani da ɗinkin riga, da yawansu ma malamai ne da almajirai, da shi suke ciyar da kansu suna karatu. Har gobe mafi yawan telolin kasuwa maza ne. Sama da wannan duka, an ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa ya kuma gyara takalminsa da kansa. Bayan wannan wane namiji ne zai ce ya fi ƙarfin allura?

Ba za mu ɗora muku laifin duka ba, domin mu manya ne muka fara sakaci. A firamare akwai darasin aikin hannu, inda yaro zai tuƙa igiya ko ya ɗaure tsintsiya ko ya saƙa mafici ya kawo a ba shi maki. A makarantu da yawa aka wayi gari an ce a kawo kuɗi ko sabulu a maimakonsa. Darasin kula da gida ya koma rubutu a allo, ɗaliba ta haddace sunayen ɗinki kala-kala ba ta taɓa zura zare a kafar allura ba. Gwanjo ya cika kasuwa da araha, gyara ya zama kamar ɓata lokaci. Keken ɗinkin da aka kai wa amarya cikin kayan ɗaki ya zama wurin ajiye kwanuka.

To amma arahar nan ta wuce, kun fi mu sanin yadda iyaye suke fama kafin su ɗinka muku yunifom. Rigar da aka ɗinke ɓarakarta tun tana ƙarama za ta kai ƙarshen shekara, har ƙane ya gada. Wadda aka bari, wanki biyu sai ɓarakar ta kai hammata. 'Yan makarantar kwana sun san darajar ɗalibin da ke da allura a akwatinsa. Kuma daga nan sana'a take farawa. A garuruwa da ƙauyuka da yawa, akwai 'yan mata da matan aure da ɗinkin hula yake saya musu littafi da sabulu ba su roƙi kowa ba.

Aikin wannan mako

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu ma haka. Ga abin da muke so kowa ya gwada.

Na farko, auna rubutunka. Zaɓi sakin layi daga littafin karatu, ka kwafa na minti biyar cif, ka ƙirga kalmomin ka raba gida biyar. Wannan shi ne saurinka a minti. Sannan ka miƙa wa ƙanenka ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe, ka ja layi. Za ka ga haruffa uku ko huɗu ne suke maimaita kansu, galibi a da o, ko n da u, ko r da v. Su za ka yi wa aiki, minti 15 kullum. Kada ka shaƙe biro, riƙo mai tsanani shi ke sa yatsu ƙagewa. Haruffa masu tsawo irin l da k da b su miƙe sosai, masu jela irin g da y su sauka, a bar tazara tsakanin kalmomi. Idan haruffan sun daidaita sai ka fara haɗa su bibbiyu: an, in, un, wa, ya. Bayan sati biyu ka sake aunawa.

Na biyu, mayar da maɓalli. Yanki zare kamar kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ka zura a allura, ka haɗa bakin biyu ka ƙulle. Soko allurar daga cikin rigar ta fito ta hudar maɓallin. Ɗora tsinken ashana a kan maɓallin, tsakanin hudojin, ka riƙa ɗinkawa ta kansa sau biyar ko shida. Zare tsinken, ka ɗan ja maɓallin sama, ka naɗe zaren da ke ƙarƙashinsa sau uku, ka mayar da allurar ciki ka ƙulle. Tsinken nan shi ke bar wa maɓallin sararin da zai shiga kafarsa ba tare da ya yage yadin ba. Wanda ya iya wannan sai ya nemi a nuna masa kalmasa, wato naɗe bakin wando ko siket a ɗinke, da yadda ake yin faci.

Na uku, kuma shi ne babba, ka nemi malami a cikin gida. Je wurin Inna ko Goggo ko Kaka, ka gaishe ta, ka ce ta nuna maka abu ɗaya da hannunta ya iya: ɗinkin hula, saƙar faifai, kaɗi idan har yanzu tana da mazari. Je wurin Baba ko Kawu ka roƙe shi ya fito da tsohuwar wasiƙa ku karanta tare. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya ci rabin hanyar ajami, abin da ya rage masa kaɗan ne, kamar ɗigon da ake sawa a ƙarƙashin harafi don a samu wasalin "e", da 'yan haruffan da aka tanada domin sautukan Hausa. Malamin zaurenku zai nuna maka su a 'yan kwanaki. Kada ka ce sai an yi hutu. Dattijon da ya karanta takardar gonar nan da muka ba ku labari, ba kullum za a same shi a zaure ba.

Wanda ya yi ɗaya daga cikin ukun nan ya rubuto mana yadda ta kaya, da hannu, da sunansa da ajinsa da makarantarsa. Wanda ya mayar da maɓalli ya haɗo da hoton rigar. Za mu buga waɗanda suka fi burge mu yadda aka rubuto su, ba tare da mun mayar da su rubutun inji ba. Ita kuma ɗalibarmu mai labarin akwati, muna jiran wasiƙarki ta gaba, kuma za mu so ganin ko da layi ɗaya ne a cikinta da ajami.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.